Man da Ba Ya Raguwa

Dala, Kano
8 ga Maris, 1999

Zuwa ga ɗana Sabo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mota. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da take tashi idan na daɗe a tsaye. Ƙanwarka Bahijja ta fara koyarwa a makarantar da na bari, yara suna kiranta ƙaramar Malama, tana gaishe ka.

Abokinka Ɗantani ya kawo shinkafa da manjan da ka aiko. Allah ya yi albarka. Na tambaye shi takarda, ya shafa aljihu ya ce ba ka ba shi ba. Sabo, shinkafa ba ta ba ni labarinka. Na sa ka a makaranta har ka gama sakandare, kuma da ka zaɓi babbar motar babanka a kan karatu ban hana ka ba, amma ban ce ka manta yadda ake riƙe biro ba.

An gama zaɓe, an ce soja za su koma bariki a ƙarshen Mayu. Mutanen unguwa kowa yana ta buri, har da masu cewa layin mai zai ƙare. Na ga irin wannan murna a saba'in da tara, kana ƙarami, don haka ni dai ido na zuba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in tambaye ka: kana duba baƙin mai kamar yadda marigayi babanka yake yi? Ban ce yadda direbobin yanzu suke yi ba, su zaro sandar awo su kalla kamar suna gaida wanda ba sa so. Shi bayan sallar asuba yake fita, kafin a tayar da inji, motar tana tsaye a wuri mai daidai, ba gangare ba. Ya zaro sandar ya goge da farin tsumma, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa, sai wannan na biyun yake karantawa. Tsakanin layin sama da na ƙasa yake son ya ga man. Galan huɗu take sha idan an juye, bai taɓa ƙara mata don ƙauna ba, bai taɓa rage mata don rowa ba. Ni na san wannan domin ni nake wanke tsummokaran. Mutumin da ba ya duba abin da yake ci da shi, ba zai duba zuciyarsa ba.

Shekaranjiya na kishingiɗa da rana, barci ya ɗauke ni, sai na yi mafarkin motar tana tsakar gidan nan. Ka san lungunmu ko amalanke da ƙyar take shiga, amma ga ta nan a ƙarƙashin darbejiya, tattabarun maƙwabta sun jeru a kanta. Babanka yana tsaye a kan taya cikin farar rigarsa, ba ɗigon mai ko ɗaya a jikinta, yana tsiyaya wani abu cikin injin daga butarsa. Yana ta zubawa, butar ba ta ƙarewa. Na farka ana kiran la'asar. Ban tambayi kowa fassara ba, na dai ga ya kamata ka sani cewa na gan shi, kuma fuskarsa a sake take.

Ka daɗe a Fatakwal. Idan ka samu lodin da zai kawo ka Kano, ka karɓa ko da ba shi da tsoka. Ina so in gan ka, in kuma ji kukan motar nan daga bakin titi. Ka kula da salla a kan lokaci, ka guji zaman banza a tasha.

Mahaifiyarka,
Nana Hauwa

*

Fatakwal
11 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga Ummata,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan an yi babbar salla lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Ruwa ake yi a nan ba dare ba rana, har kayan da na shanya sun fara fushi da ni. A gaishe da ƙaramar Malama, a ce ta riƙa tausaya wa 'ya'yan mutane, kada ta gaji bulalarki.

Na karɓi faɗa, na kuma gode. Baƙin mai kuwa, Umma, ban taɓa tashi ban duba ba. Direbobin da muke lodin gishiri tare har suna suka sa mini, wai liman, saboda farin tsumman da nake ɗauka da asuba.

Na karanta mafarkinki ina zaune a gaban mota, sai na sake karantawa, domin akwai abin da na daɗe ina gani ban faɗa wa kowa ba. Kin san motar nan tsohuwa ce, tun zamanin Baba tana shan mai, sai an riƙa ƙara mata. To tun bayan azumi ta daina. Da fari man ya tsaya cik a layin sama. Daga baya ya haura layin. Yanzu ya wuce shi da kamar faɗin yatsa biyu, kuma wallahi ban zuba ko cokali ba. Ina ta mamaki, sai ga takardarki: Baba yana zubawa daga buta, butar ba ta ƙarewa. Umma, me ya rage a fassara? Addu'arki ce da albarkarsa suke bina har nan.

Lokacin juye man ya yi ya wuce, amma na kasa. Ta yaya zan kwance ƙasan inji in tsiyayar da wannan a kwata? Ban kuma nuna wa makaniki ba. Ke kika koya mana cewa idan Allah ya yi wa mutum wata baiwa ya rufe bakinsa, domin bakin mutane yana kore ta. Ko Ɗantani bai sani ba. Wani lokaci idan rana ta take, allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai tana ɗan sauka, amma da na huta sai ta koma.

Ga wani yanki na tsumman da na goge sandar da shi yau, na naɗe miki a leda. Na ga bai kamata in ci wannan ni kaɗai ba.

Albishirinki kuma: na samu lodin gishiri zuwa Kano. Za mu tashi a ƙarshen Mayu, kusan ranar da za a miƙa mulki. Soja su koma gida, ni ma in koma. A tanadar mini tuwon dawa da miyar kuka, na gaji da garin rogo.

Ɗanki mai biyayya,
Sabo

*

Dala, Kano
16 ga Mayu, 1999

Sabo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ka karanta wannan a zaune, ka karanta har ƙarshe.

Takardarka ta yi fiye da wata a hanya. Ɗantani ya ce rashin gas ya tsare shi a Lakwaja, daga nan aka juya shi Gusau, ita kuma tana aljihunsa. Jiya ya kawo ta. Gobe da safe zai juya, na roƙe shi don Allah kada ya tsaya ko'ina sai ya sa wannan a hannunka.

Da na buɗe ledar na kai tsumman hancina, domin in ji warin safiyar gidan nan ta da. Ba shi na ji ba. Gas na ji. Na shimfiɗa shi a rana na duba. Ni 'yar Ƙofar Mata ce, a bakin marina na girma, na san yadda abu mai kauri yake zama a ƙyalle da yadda tsinkakke yake gudu. Tabon baƙin mai na babanka wuri ɗaya yake tsayawa. Naka yana da baƙi a tsakiya, sai wani fatsi-fatsi da ya bazu ya kewaye shi.

Na taɓa ganin irinsa sau ɗaya. Wata shekara babanka ya dawo daga Nguru, da safe ya ga mai ya haura layi. Bai yi murna ba, ko koko bai sha ba, ya aika a kira Malam Audu makaniki. A ranar ya ce da ni inji ba rijiya ba ne, ba shi da idon ruwa a ƙasa. Idan mai ya ƙaru ba a zuba ba, wani abu ne yake zurara ciki, ko ruwa ko gas. Ruwa yana mai da shi kamar kunu, gas yana tsinka shi har ya kasa riƙe ƙarfe.

Ban tsaya a kan sanina ba. Na yafa mayafi, Bahijja ta riƙe ni, muka taka har Ƙofar Wambai. Malam Audu ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a ƙofar garejin 'ya'yansa suna aiki. Na miƙa masa tsumman. Ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce, "Hajiya, wa yake tuƙa wannan?" Na ce ɗan abokinka. Ya ce, "A ce masa ya kashe ta inda take." Ya ce da kaya a bayanta, a hawan tudu da zafin rana, ko injin ya buga, ko ya riƙa shan man kansa yana gudu ya ƙi mutuwa ko an zare makulli. Ya ce a duba nozul masu fesa gas cikin inji da famfon gas, a juye man duka, a canja matacin mai.

Yanzu ka ji ni. Na ba ka labarin mafarki domin na yi kewar babanka, ban aiko maka da shi a matsayin littafin makaniki ba. Wa ya ba ka izinin fassara? Na ce a ɓoye baiwa daga bakin mutane, ban ce a ɓoye ciwo daga mai magani ba. Allura tana sauka tana gaya maka gaskiya, kai kana kallonta kana tasbihi. Wannan ba imani ba ne, son a ce kai na daban ne.

Ni na ce ka zo, ni kuma nake cewa kada ka zo. Kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya. Idan ka tayar da motar nan zuwa Kano kafin a juye man nan a gyara inda yake yoyo, ban yafe ba. Ban taɓa faɗa maka wannan kalma ba tun da na haife ka, ka san nauyinta.

Mahaifiyarka,
Nana Hauwa

*

Dala, Kano
29 ga Mayu, 1999

Ɗana Sabo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Ban san wanda zan ba wannan takarda ba, ban kuma san inda za ta same ka ba, ko a Fatakwal ko a hanya. Ina rubutawa ne domin hannuna ya samu abin yi.

Yau aka miƙa mulki. Tun safe rediyo take a kunne a kowane gida, ana jin ta daga zaure zuwa zaure kamar murya ɗaya. Bahijja ta tafi gidan Gwaggo Ladi kallon talabijin, ta dawo tana ba ni labarin fareti. Na ce da ita Allah ya sa alheri ne. Ban ji rabin abin da ta faɗa ba.

An yi yayyafi da hantsi. Bayan ya ɗauke na hau soro, abin da na daɗe ban yi ba. Dutsen Dala ya jiƙe ya yi ja, ƙasa tana ƙanshi, hayaƙin girki yana kwance a kan rufin gidaje bai tashi ba. Daga can ana jin manyan motoci a nesa. Duk wadda ta yi ham sai in ce ita ce, sai kuma in roƙi Allah kada ta zama ita. Ban taɓa sanin uwa za ta tsaya tana addu'a kada ɗanta ya iso ba.

Ina tsaye sai na tuna tafiyar da muka yi da babanka zuwa Gusau, ina amarya, motar tana sabuwa. Ya sa ni a gaba, mutane suna ta magana wai 'yar boko ta auri direba. Ɗumin injin yana tasowa ta ƙarƙashin kujera, gonakin gero suna wucewa, ni ina gyangyaɗi ina farkawa, duk farkawar da zan yi sai in ga kamar hanyar ce take tafiya mu muna tsaye. A wani ƙauye muka kwana. Da asuba na leƙo na gan shi da farin ƙyalle a hannu, ya ɗaga sandar sama yana kallonta a hasken gabas kamar mai duban wata. Na yi dariya. Ya ce in yi dariyata, wannan sandar ce za ta mai da ni gidanmu.

Na san kalmar da na rubuta maka tana da zafi. Ban janye ta ba. Amma idan ta same ka bayan ka riga ka taso, ba ta hau kanka ba, domin ba ka ji ba. Ka tsaya duk inda kake, ka nemi makaniki, ka aiko mini da layi biyu.

Mahaifiyarka,
Nana Hauwa

*

Fatakwal
9 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Ummata,

Amin wa alaikumus salam. Ina lafiya, mota tana nan, ban taso ba. Na fara da wannan domin hankalinki ya kwanta. Takardarki ta ranar miƙa mulki jiya ta iso ta hannun wani mai lodin albasa.

Wadda Ɗantani ya kawo kuwa ta same ni an riga an ɗora gishiri an ɗaure tamfol, washegari za mu tashi. Na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka fushi kike yi da ni tun na barin karatu, kika samu hanya. Na ce a raina na aika mata da abin da ya fi komai daraja a wurina, ta kai wa tsoho yana shinshinawa a bakin titi. Ɗantani ya tambaye ni lafiya, na ce lafiya. Har na yanke shawarar in taho a hankali, in kin gan ni kya huce.

Da asuba na fito da tsummana kamar kullum. Na zaro, na goge, na mayar, na sake zarowa. Sai na ga man yana gangarowa daga sandar yana ɗiga kamar ruwan shayi. Kullum haka yake yi, Umma, ni ne ban so in gani ba. Na sa makulli a jiki, hannuna ya ƙi murɗawa. Kalmar nan taki ta zauna mini a kujerar gefe.

Na kira wani makaniki Bayarabe da muke salla tare. Ya kwance ƙasan injin, muka tara bokiti. Galan huɗu na zuba mata da hannuna a juyin baya, abin da ya fito ya kusa shida, yana warin gas har ido yana yaji. Ya dube ni ya ce, "Liman, da wannan za ka hau tudun Akwanga?" Robar famfon gas ce ta mutu, nozul biyu kuma suna zuba. Ya ce ƙarafan ciki sun fara cin juna amma ba su kai ga lalacewa ba. An sauke gishirin an ba wata mota, mai kayan ya yi ta faɗa, ya ce ba zai ƙara ba ni lodi ba. An gyara, an zuba sabon mai. Yanzu kullum yana nan a layinsa, har ya fara ɗan raguwa irin na da.

Na gode, Umma, ki yafe mini. Amma zan faɗa miki gaskiya, da na ga man nan yana kwarara cikin bokiti sai da na juya baya na share ido. Watannin nan ina tuƙi ina jin kamar Baba yana tare da ni a motar. Ashe roba ce ta tsage. Yanzu motar lafiyarta ƙalau, ni kuma ni kaɗai ne a ciki.

Ina neman wani lodin. Idan kin ba ni izini zan taho.

Ɗanki,
Sabo

*

Dala, Kano
20 ga Yuni, 1999

Ɗana Sabo,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Na yafe maka duniya da lahira, na ɗauke kalmata, ka taho. Bahijja ta karanta takardarka bayan ni, ta ce a gaya wa liman ya yi sahu da kyau. Na aika wa Malam Audu da goro, ya ce yana jiran ya ji kukan injin da kunnensa kafin ya yarda da aikin wani.

Mai gishiri ya yi fushinsa, Allah zai kawo wani. Gara ya yi faɗa da kai da ya zo yi mini ta'aziyya.

Ka ce kai kaɗai ne a motar. Ban yarda ba. Direbobi nawa ne a tasharku da mansu zai haura layi ba su sani ba har injin ya buga? Kai ka gani, domin kowace asuba kana fita da farin ƙyalle kana aunawa sau biyu. Wa ya sa wannan a hannunka? A karatun sandar ne ka yi kuskure, kuma an gyara. Kada in ƙara jin wannan magana.

Damina ta zauna sosai, darbejiya ta yi ganye har ta rufe rabin tsakar gida. Ranar Juma'a bayan azahar na sake ganinsa a barci. Motar tana wurin da take a wancan karon, amma babu buta. Ya zaro sandar, ya goge, ya mayar, ya zaro, ya juyo da ita wajena domin in gani. Daga nan ya sauko ya bi lungu ya nufi wajen dutse, yana tafiyarsa ta mai jin an gama aiki. Na faɗa maka ne kawai. Kada ka fassara.

Farar rigar nan tasa da na ajiye a ƙasan akwati tun rasuwarsa, jiya na fito da ita na wanke, na sa almakashi. Ta ba da tsummokara masu kyau, na yi musu kalmasa na jera a kan gadonka. Ka taho da tsofaffin naka in wanke, kuma kada ka yi gudu a hanya.

Mahaifiyarka,
Nana Hauwa